Ko Ya Kamata A Raba Mage Da Halinta?

Cikin dabbobin da ke zaune tare da ɗan Adam babu wadda ta kai mage sauƙin riƙo. Ba a kafa mata turke, ba a kai ta kiwo, ba a yanko mata ciyawa. Ita ke yi wa kanta wanka, ita ke neman rabin abincinta. In kuwa bukatar bayan gida ta kama ta, sai ta nemi wuri mai taushin ƙasa, ta tona ɗan rami, ta biya bukatarta, ta mai da ƙasa ta rufe, ta sunsuna ta tabbata babu sauran wari, sa'an nan ta kama gabanta. Tun da aka kafa aikin duba-gari ba a taɓa jin ya kai mage gaban alkali ba. Amma duk da haka a wannan zamani an sami mutanen da su ke ganin tsaftar nan ba ta isa ba, suna so su koya wa mage hawa masai na tangaran kamar yadda mutum ya ke yi. Maganar ta yi kama da abin dariya. Amma in an tona ta, za a tarar da wata tambaya mai nauyi wadda malamai da masu hikima suka daɗe suna juyawa, watau in mutum yana da ikon sauya halin wata halitta da ke hannunsa, shin ikon nan kaɗai ya isa ya zama izni?

Ya kamata a fara da sanin abin da ya kawo wannan magana, gama ba daga sama ta faɗo ba. A gidan Bahaushe na dā, tsakar gida ƙasa ce. Akwai bayan ɗaki, akwai gindin rumbu, akwai tulin toka kusa da murhu, ga kuma kango ko gona da zarar an haura katanga. Mage ba ta rasa inda za ta tona, mutanen gida kuma ba su ma san inda ta ke zuwa ba. To, a dubi Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano. A dā wuraren nan ƙauyuka ne da gonaki a wajen ganuwa. Yau kuwa Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda hedkwatarta ke Unguwa Uku, tana da mazaɓu 10, biyu daga cikinsu Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu ne, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 220,000 a cikinta. Wanda ya bi Titin Zariya daga Dangi har ya wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya ratsa Titin Kotu, ko ya shiga rukunin gidajen Kundila, zai ga inda gonakin suka tafi. An shafe tsakar gida da siminti, an shimfiɗa tayil a ɗakuna, an ɗora bene a kan bene, an kewaye gida da doguwar katanga. Waɗansu kuma sun shiga sayen mage mai dogon gashi irin ta Farisa da kuɗi masu yawa, ba su yarda ta leƙa ko ƙofar gida, don tsoron sata da mota da karnuka.

Da ƙasa ta ɓace daga gida, sai mage ta shiga neman abin da ya yi kama da ita. Ta tona tukunyar fure, ta tona tarin wanki, wani lokaci ma ta hau darduma. Daga nan rigima ta tashi. Ga shi kuwa wayar hannu ta kawo hotuna masu motsi daga ƙasashen waje, ana ganin mage ta ɗare bisa bakin masai ta tsuguna kamar mutum. Ba abin mamaki ba ne a ji yaro ya nuna wa kakarsa, ya ce, "Hajiya, kin ga yadda Turawa suka koya wa tasu? Mu ma a koya wa tamu, a huta da kwasar kashi." Ita kuwa ta dube shi ta ce, "To, Maigida, in ta gama wa zai miƙa mata buta?" Tsohuwa wasan jika ta ke yi, amma ta taɓo gindin maganar. An ƙera masai don halitta mai hannu da hankali, mai ƙafa biyu, mai sanin ruwa da amfaninsa.

Ba a musun cewa abin yana yiwuwa. Tun 1898 wani masani na Amurka, Edward Thorndike, ya riƙa sa kyanwoyi cikin akwati mai sakata, ya ajiye abinci a waje, ya ga yadda a hankali su ke gane abin da za su taɓa ƙofa ta buɗe. Bayansa B. F. Skinner ya bayyana yadda a ke kai dabba ga aiki mai wuya ta hanyar raba shi ƙanana ƙanana, ana ba ta lada a kowane mataki. Wani shahararren makaɗin jaz na Amurka, Charles Mingus, wanda ya rayu daga 1922 zuwa 1979, har ɗan littafi ya rubuta a kan yadda ya koya wa magensa hawa masai. Dabararsa ita ce a sa mata kwali, a riƙa matsar da shi kaɗan kaɗan zuwa banɗaki, a riƙa rage tsawon bakinsa, a ɗora shi bisa masai, a huda tsakiyarsa, a yi ta faɗaɗa hudar har ranar da za a ɗauke kwalin gaba ɗaya. Daga baya 'yan kasuwa suka mai da dabarar haja. Akwai wani kaya da aka ƙera a Ostareliya mai suna Litter Kwitter, faifai uku ne na roba, ja da ruwan ɗorawa da kore, ja ba shi da huda, kore kuwa hudarsa ta fi ta ruwan ɗorawa faɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Mage da yawa sun koya, ko da ya ke da yawa kuma sun ƙi.

Masu son wannan horo suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da su ba a saurara ba. Hujja ta fari tsarki ce. A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen ƙasar nan ke bi, jikin mage da miyaunta masu tsarki ne, gama Imam Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Amma kashinta da fitsarinta najasa ne, in sun taɓa tufa ko wurin salla sai an wanke. Hujja ta biyu wari ne, musamman a ɗaki biyu da falo inda iska ba ta ratsawa. Ta uku kuɗi, gama yashin mage na kanti daga waje a ke kawo yawancinsa. Ta huɗu kuwa ita ce mafi ƙarfi. Su kan ce, ai duk zaman ɗan Adam da dabba horo ne. Dokin da ke taka rawa ran hawan Daushe ba haka aka haife shi ba. Sa ba ya fitowa daga cikin uwarsa da sanin garma. Alƙur'ani mai girma ma, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Ɗan mutum kansa sai an ɗora shi a fo an yi ta fama kafin ya daina ɓata zanen goyo. To, don me za a ce mage kaɗai ce ba za a hora ba?

Amsar wannan tana wajen sanin bambancin horo da horo. Hausawa suna da karin magana biyu da su ke kamar suna karo da juna. Sun ce hali zanen dutse, sun kuma ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sasanta irin wannan saɓani cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin horon rai. Ya ƙi yarda da masu cewa hali ba ya sauyuwa, ya kafa musu hujja da shaho da kare da doki, waɗanda a ke raba su da ƙiwa da zari da tutsu. Amma ya kawo misalin ƙwallon dabino. In an shuka shi an yi masa ban ruwa ya kan zama itacen dabino, amma ko shekara nawa aka yi ana wahala ba ya zama tuffa. Ya kuma nuna cewa manufar tarbiyya ita ce a daidaita fushi da sha'awa, ba a tumɓuke su ba. Watau horo na gari shi ne wanda ya tarar da abu cikin halitta ya raya shi, ya ba shi hanya.

In an auna misalan nan da wannan mudu, sai a ga kowane ya zauna wurinsa. Kare da farauta aka halicce shi, maharbi ya koya masa ne kawai ya kawo naman maimakon ya cinye. Doki da gudu da bin jagora aka halicce shi, linzami ya nuna masa inda zai nufa. Yaro kuwa zai girma ya gane dalilin abin da aka koya masa, ya mallake shi, har shi ma ya koya wa nasa. Amma mage da tona da binnewa aka halicce ta. 'Yar kyanwa mai mako uku zuwa huɗu, ko da uwarta ta mutu an shayar da ita da hannu, in an ajiye ta bisa yashi sai ta fara tona da kanta. Masana suna ganin asalin wannan ɗabi'a ɓoye wari ne, don kada abin da ta ke farauta ya ji ya gudu, kada kuma wanda ya fi ta ƙarfi ya bi sawunta. Ɗabi'ar ta girmi zamanta da mutum. Binciken jini da aka buga a 2007 ya nuna magen gida ta fito ne daga magen daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar ƙasa mai rairayi. An kuma tono wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, aka tarar da mutum da mage an binne su kusa da juna. Duk tsawon wannan zama ba ta bar tona ba. Wanda ya ɗora ta bisa tangaran mai santsi a kan ruwa, bai raya kome cikin halinta ba. Ya ɗauke mata ƙasa ne, ya bar ta da ƙaiƙayin tonawa. Shi ya sa a kan ga wadda aka horar, bayan ta gama, tana ta karce bakin masai da bango, tana binne abin da babu da ƙasar da babu.

Akwai wani tsohon labari da ya yaɗu a ƙasashen Gabas da na Turai, na sarkin da ya koya wa mage riƙe kyandir yayin da a ke cin abinci, yana alfahari cewa tarbiyya ta rinjayi asali, har ranar da wani mai wayo ya saki ɓera a gabanta, ta yar da kyandir ta bi shi. Abin da labarin ya faɗa da wasa, masana sun gan shi da ido. A 1961 Keller Breland da matarsa Marian, almajiran Skinner waɗanda suka mai da horon dabbobi sana'a, suka buga bayanin abin da ya ba su mamaki. Sun koya wa alade ɗaukar kuɗin katako ya kai asusu a ba shi abinci. Ya iya sarai, amma bayan 'yan makonni sai ya fara yar da kuɗin a ƙasa yana turbuɗa shi da hanci kamar yadda ya ke tonon saiwa, har ya gwammace ya kwana da yunwa da ya bari. Suka gane cewa halin asali ya kan dawo ya ci horo a hankali. Haka mage ta ke. Ran da aka bar ƙofar banɗaki a rufe, ko baƙo ya rufe murfin masai, ko ƙafarta ta zame ta faɗa ruwa ta tsorata, sai ta koma neman abu mai taushi, watau katifa ko darduma. Sa'an nan a ɗauko tsintsiya a bi ta da duka a kan laifin da ba ita ta ƙulla shi ba.

Da abin ya tsaya ga takura kaɗai, da sai a ce da sauƙi. Amma akwai rai a ciki. Likitocin dabbobi da yawa ba su son wannan horo, kuma dalilansu a fili su ke. Mage dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ta kuka ba ta nuna rauni sai abu ya yi nisa. Sau da yawa wurin bayan gidanta ne kaɗai ke ba da labari. In fitsari ya yawaita, alama ce ta ciwon ƙoda ko ciwon sukari. In an ga jini ko tsutsa ko gudawa, an san abin yi. Muzuru kuwa mafitsararsa ta kan toshe, ya yi ta zuwa yana yunƙuri babu abin da ke fita, in ba a kai shi asibiti ba cikin kwana biyu ko uku ya mutu. Mai kwashe yashi kullum zai lura tun ran farko. Wanda ya mai da al'amarin cikin ruwan masai ya rufe wa kansa wannan taga. Ga kuma tsufa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya duba hoton ƙashin mage 100 da suka haura shekara 12, ya sami alamar ciwon gaɓɓai a jikin 90. Tsohuwar mage mai ciwon ƙugu, yaya za ta yi tsalle ta tsaya da ƙafa huɗu bisa siririn baki mai santsi, sau uku ko huɗu kowace rana?

Har wa yau akwai haƙƙin maƙwabci. Cikin hanjin mage wata ƙwayar cuta ta kan zauna, sunanta Tokzoplasma. A 1908 Charles Nicolle da Louis Manceaux suka gano ta a Tunis, amma sai a 1970 aka tabbatar cewa cikin dangin mage kaɗai ta ke yin ƙwai. Mage ta kan ɗauke ta daga cin ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwai miliyoyi cikin kashinta. Ƙwan ba ya iya kama mutum sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje, amma daga nan ya kan yi watanni da rai cikin ruwa ko ƙasa mai laima, kuma sinadarin kulorin da a ke zuba wa ruwan famfo ba ya kashe shi. Yawancin masu lafiya ba su ma sanin sun kamu. Amma mace mai ciki, in ta kamu karo na fari, tana iya yin ɓari, ko ta haifi jariri da lahani a ido ko ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne mutane su kan kamu ta wajen naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, saboda haka ba a ɗora wa mage laifin duka. Amma zuba kashinta cikin masai ba ya kawar da haɗarin, sai dai ya kau da shi daga idon mai gida. A Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda su ke da manyan ma'aikatun tace ƙazantar gari, sai da aka yi doka a 2006 cewa a rubuta gargaɗi jikin buhun yashin mage kada a zuba shi a masai, bayan an sami cutar tana kashe wata dabbar teku a gaɓarsu. To, ina ga unguwar da ruwan masai ke gangarawa sokawe a bayan ɗaki, rijiyar maƙwabci kuwa tana bayan katanga? Ga shi kuma a gidaje da yawa ruwan da za a kora masai da shi sai an saya a jarka wajen mai garuwa, mage kuwa ba ta korawa. Kashin zai zauna a buɗe, a wurin da yara ke zama, har wani ya shigo.

Daga nan sai a ga cewa tambayar da ta kamata mai riƙon dabba ya yi wa kansa ta kasu uku. Ta fari, wannan abin da za a koya mata, yana bin halinta ne ko yana karo da shi? Ta biyu, wa zai ci amfaninsa? Ta uku, in abin ya ɓaci, wa zai ɗauki wahalar? Koya wa mage zuwa in an kira ta, ko shiga kwando don a kai ta allurar rigakafin haukan kare, ko karce wani gungume maimakon kujera, duk sun tsallake tambayoyin nan lafiya, gama ita ma tana da riba a ciki. Hawa masai kuwa ya faɗi a dukansu. Ya yi karo da halinta, amfaninsa na mai gida ne shi kaɗai, wahalarsa kuma tata ce da ta maƙwabta. Sa da ke jan garma yana wahala, amma abincin gari ne ya rataya a wuyansa, shi ma yana cin harawa daga gonar. Nan kuwa babu larura. Iyakar abin da a ke gudu shi ne sunkuyawa ta minti biyu da ɗan cokalin kwasa.

Maganar addini a kan wannan ba ɓoyayya ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda mage, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta cikin ƙwarin ƙasa ba. Abin lura cikin hadisin nan shi ne an ba ta zaɓi biyu, ko ta saki ko ta ɗauki nauyi. Wanda ya tsare dabba ya hana ta neman abin da ta ke nema da kanta, to, wannan abu ya zama bashi a wuyansa. Hadisin abinci ya ambata, kuma ba a cewa mai koya wa mage hawa masai daidai ya ke da waccan mata. Amma ma'aunin ɗaya ne. Mage tana samun abinci a waje, tana kuma samun ƙasa. Wanda ya shafe tsakar gida da siminti ya kulle ƙofa, ƙasa ta zama bashi a kansa kamar yadda abinci ya zama. Musulmin dā sun fahimci wannan nauyi. Babban sahabi mai yawan ruwaya an fi saninsa da laƙabin Abu Huraira saboda 'yar kyanwar da ya ke ɗauka, an kuma ruwaito cewa Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wata gona wakafi a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Biyan bashin nan kuwa ba shi da wuya, balle a Kano inda yashi ba baƙo ba ne. Turawa ma da yashi da toka su ke amfani har 1947, sa'ad da wani ɗan kasuwa a Jihar Mishigan, Edward Lowe, ya fara sayar da busasshen yumɓu mai shan ruwa don wannan aiki. Wanda ba shi da kuɗin na kanti, ya sami roba mai faɗi wadda mage za ta iya juyawa a ciki, ya zuba yashi mai laushi busasshe kamar zurfin yatsa, ya ajiye a lungu mai iska nesa da abincinta da madafa. A kwashe kullum, gama kwasar kullum ita ke riga ƙwan cutar nan kafin ya nuna, ita ce kuma maganin wari. A ƙulle cikin leda a sa a shara, a wanke hannu da sabulu, a juye yashin duka a wanke robar a kai a kai. Mai ciki kada ta yi wannan aiki, wani ya ɗauke mata. In mage biyu ce a gidan, a ajiye roba uku, don ba su son tarayya. Wanda ya yi haka ya sami tsarkin da ya ke nema, darduma ta tsira, ita kuma ba a raba ta da halinta ba. Wanda kuwa ya ga ba zai iya ba, babu wanda ya wajabta masa riƙon mage.

Mai karatu ya lura, wannan magana ba ta ƙare a kan mage ba. Duk wanda aka ba iko bisa wani, ko uba ne, ko malamin makaranta, ko maigidan shago da yaransa, ko uwar ɗaki da 'yar aikinta, yana fuskantar jarrabawa iri ɗaya. Da sauƙi mutum ya kira jin daɗin kansa da sunan tarbiyya. Yaro mai yawan tambaya a kan tsawata masa har ya yi shiru, a ce ya natsu, alhali kunnen babba ne ya huta. Bahago a kan doke hannunsa har wajen rubutu da riƙon almakashi, inda babu wata ƙa'ida da ta hana. Mai hannun sana'a a kan tilasta shi ga karatun da uba zai yi alfahari da shi a majalisa. A ƙarshe a sami abin da Hausawa ke kira kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, a yi ta yabon ladabinta, ba a tambayi abin da aka kashe a cikinta ba. Alamar horon da aka yi don mai horo ita ce ba ya tsayawa sai da tsaro, da zarar an juya baya ya rushe. Wanda aka yi don wanda a ke horarwa kuwa, shi da kansa zai riƙe shi ko babu mai gani, kamar yadda mage ke binne kashinta cikin dare ba don tsoron kowa ba.

A Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, ba nisa da Gyadi-Gyadi, mutane su kan biya kuɗi su kalli manyan dangin mage a bayan ƙarfe, kuma ba mai zuwa can yana fatan ya ga zaki ya koyi halin mutum. Kwarjininsa a ke zuwa gani. 'Yar ƙanwarsa da ke kwance a gindin kujera ita ma tana da nata rabo na wannan haƙƙi, ko da ya ke ba ta da ruri da za ta neme shi. Ta yarda ta zauna da mutum, ta tsare masa hatsi da littattafai daga ɓera shekara dubbai, ba ta nemi lada ba sai ɗan abinci da inuwa da tafin ƙasa. Hankalin da Allah ya fifita ɗan Adam da shi ya isa ya koya mata hawa masai, ya kuma isa ya gane cewa bai kamata ba. Allah shi ba da ikon riƙon amana.